Gizo da Maki Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku.

A wata shekara, dabbobin da ke zaune tsakanin duwatsun Mandara da bakin Kogin Yedzaram, gab da garin Mubi, suka tashi da rigima a kan rumbun gayya. Kowace kaka sukan tara dawa da masara da gyaɗa da wake su zuba a rumbu ɗaya, su naɗa masu awo. Kafin bazara ta kama sai a tarar rumbu ya yi rabi, masu awo kuwa wuyansu ya yi kauri. Biri ya riƙe mudu, aka ga haka. Gafiya ta riƙe, aka ga abin da ya fi haka. Da Zaki ya gaji da shari'a, sai ya tara fadawa ya ce daga yau ba wanda zai sake riƙe mudu don shi ɗan wane ne. Makaranta za a buɗe, wanda ya ci shi zai yi awo.

Sai dai ba wanda ya san yadda ake auna karatu a daji. Don haka aka tashi manzanni biyu zuwa cikin gari. Hankaka ya nufi Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka buɗe a Mubi a 2002, ya yi ta sauka a tagogin azuzuwa. Kurege kuma ya shige rufin wani aji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda kowa ke ce wa Poli, wadda aka kafa a Yola a 1979 kafin a dawo da ita Mubi a 1982.

Hankaka ne ya fara dawowa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mutanen nan ba a rana ɗaya suke auna ɗalibi ba. Kowane darasi maki 100 ne, amma an raba shi gida biyu. Akwai makin cikin zango, na tes da aikin gida, wanda suke kira Si'e, akwai kuma na babbar jarabawa. A yawancin jami'o'in ƙasar nan 30 ne da 70, wasu kuma 40 da 60. In an haɗa, mai 70 zuwa sama ya sami A, ƙimarsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 kuwa F ne, ba ko ɗaya, sai mutum ya dawo baɗi ya sake. Shi ne kariyoba."

Kurege ya yi farat ya ce, "A wajenmu ba haka ba ne." Kwana uku kacal ya yi a rufin aji, amma har ya fara cewa wajenmu. "A Poli ma'aunin a 4 ya tsaya, kuma ba a ganin A sai an kai 75. Mai 72 da ake yi wa guɗa a jami'a, a wajenmu AB ne."

Kura ta ce 75 ɗin nan ya yi nisa, a tausaya wa marayu. Aka yi dariya, Zaki ya yanke cewa na jami'a za a bi, 30 da 70, kuma duk wanda matsakaicin makinsa ya kai 3.50 za a ba shi mudu. Taro ya fara watsewa ke nan Hankaka ya tuna abin da ya mance, ya ɗaga murya ya ce darussan fa ba nauyinsu ɗaya ba, kowanne da adadin yunit ɗinsa. Waɗanda ke kusa suka ji. Gizo kuwa tuni ya kai bakin hanya, yana sauri ya riga kowa rubuta suna.

Aka buɗe makaranta a gindin wata tsamiya. Darussa huɗu ne. Lissafin Rumbu, yunit 4, Modibbo Dila ke koyarwa, shi ne kuma shugaban makaranta. Sanin Sawu, yunit 3, na Malama Bushiya. Ƙetaren Kogi, yunit 2, na Malam Kada, wanda ba ɗalibin da ke son zama a sahun gaba a ajinsa. Sai Daɗin Baki, yunit 1, na Malam Aku.

Gizo, duk da tsamin bakin nan nasa, a Daɗin Baki ya kafa sansani. In ya miƙe yana zuba, har Malam Aku kan saki baki yana kallo. Lissafin Rumbu kuwa da sassafe ake yin sa, lokacin da barci ya fi daɗi, don haka sai an kusa tashi yake lallaɓowa ya ce "Shannunku da kayatu," ya sa hannu a takardar halarta ya koma. Matarsa Ƙoƙi ita ma ta shiga makarantar. Ba ta da baki, ruwa kuma tsoronsa take, amma ba a taɓa fara darasin safe ba ta nan ba.

Da ya rage mako uku a yi babbar jarabawa, Modibbo Dila ya kafe makin Si'e a jikin tsamiya. Zomo ne ya fara shan kashi, don ko sunansa ba a sa ba. Dokar makaranta ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin ya zauna jarabawa, shi kuwa ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fi gaban zaman aji. Aka ce to, sai baɗi.

Kura kuwa tun kafin ta duba takardar take rawa. A duk gwajin Lissafin Rumbu kusa da Kunkuru take zama, Allah kuma ya ba ta wuya mai miƙewa. Ta sami 35 cikin 50 a tes na farko, 40 cikin 50 a na biyu, 15 cikin 20 a aikin gida. Ta haɗa ta ga 90.

"Modibbo, Allah ya gafarta maka, ni ai na gama. A daga 70 yake farawa, ni kuwa 90 gare ni. Sai in ba da aron 20 ma."

Dila ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya Kura, duba takarda. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan nauyinsa 10 ne, ko a kan nawa aka yi masa maki. 35 cikin 50, in aka mai da shi kan 10, 7 ne. 40 cikin 50, 8. 15 cikin 20, 7 da rabi. Kina da 22 da rabi cikin 30. Maki ne mai kyau, amma in A kike so, sai kin kawo 47 da rabi cikin 70."

Kura ta ce ita wannan sabon lissafin ba da ita ba, 90 ɗinta na nan a rubuce da jan biro. Ta kaɗa wutsiya ta nufi bayan kasuwar shanu ta Mubi, inda garkunan da ake korowa daga Kamaru da Chadi ke haɗuwa kafin a loda su a tireloli zuwa Kudu. Can ta tare tana lasar baki har ranar jarabawa.

Gizo ya kwafi nasa makin ya koma gida yana fito. Lissafin Rumbu 9. Sanin Sawu 18. Ƙetaren Kogi 20. Daɗin Baki 29. Ya tarar da Ƙoƙi tana tankaɗe, ya ce ta ajiye rariya ta ga yadda maza ke lissafi.

"A a Daɗin Baki, 5 ke nan. A a Ƙetaren Kogi, 5. B a Sanin Sawu, 4. Lissafin Rumbu kuwa na yafe wa Modibbo abinsa, ya ba ni F ɗinsa. 5 da 5 da 4, 14. A raba gida huɗu, 3.50 cif. Kin ga mudu ya zo hannu ban ɓata barcina ba."

Ƙoƙi ba ta ce komai ba. Ta kama hannunsa suka gangara cikin Yedzaram, lokacin ruwa ya janye, sai yashi da 'yan kududdufai. Ta durƙusa ta tona gurbi goma a layi huɗu, kamar za a yi dara: layi na farko gurbi huɗu, na biyu uku, na uku biyu, na ƙarshe ɗaya tilo. Ta tara tsakuwa a gefen zane.

"Maigida, kowane gurbi yunit ɗaya ne. Ƙimar da ka samu a darasi, ita za ka zuba a kowane gurbi na layinsa. Bismilla, zuba A ɗinka na Daɗin Baki."

Gizo ya ƙirga tsakuwa biyar ya zuba a gurbin nan tilo. Ya nemi inda zai ƙara, babu. A layin Ƙetaren Kogi ya zuba biyar biyar, goma. A na Sanin Sawu huɗu huɗu sau uku, sha biyu. Layi na farko kuwa gurbi huɗu suka zauna wayam suna kallonsa.

"Ƙirga duka."

Ya ƙirga da ƙafafunsa takwas, ya sake ƙirgawa. 27.

"Raba su daidai a gurbi goma. Kowanne ya tashi da 2.70. Kafin kowane gurbi ya sami uku da rabi, sai an tara 35. Saura takwas, kuma ka riga ka cika sauran layukan iya ƙarfinka. Daga layin da ka yafe za su fito."

Gizo ya daɗe yana kallon yashi. A nan fa dole a yi masa adalci: Gizo ba daƙiƙi ba ne, in ya fahimci abu yakan fahimce shi har ƙarshe, ciwonsa dai abin da yake yi da fahimtar. Nan take ya karɓe lissafin daga hannun Ƙoƙi. Takwas a gurbi huɗu, biyu biyu ke nan, wato D. D kuwa daga 45 yake farawa. Yana da 9, saura 36 cikin 70. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana cire abin da ke hannu daga abin da ake nema. A a Ƙetaren Kogi sai da 50. A a Daɗin Baki sai da 41. B a Sanin Sawu sai da 42, kuma tun da Malama Bushiya a kan 100 take maki sannan ta mai da shi kan 70, sai ya ci 60 a takardarta. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Ƙoƙi ta ce, "To tun da ka gani, ga inda dararenka za su tafi. Mataki ɗaya a Lissafin Rumbu tsakuwa huɗu yake kawowa, a Daɗin Baki kuwa ɗaya. Ka nemi C, wato 41 cikin 70, in ƙafa ta zame ka faɗo kan D."

"C na mene ne? 35 aka ce. Wa ya aike ni neman 39?"

Ita kam ta share yashi ta tona nata. Makinta na Si'e 24 ne a Lissafin Rumbu, 21 a Sanin Sawu, 15 a Ƙetaren Kogi, 14 a Daɗin Baki. Ta sa wa kanta A a na farko, wanda ke neman 46, B a na biyu, C a sauran biyun. Tsakuwa 20 da 12 da 6 da 3, jimla 41. Gizo ya ce wannan almubazzaranci ne, shida za su tafi a banza. Ta ce ko mai awo a kasuwa yakan ɗora gyara a kan mudu, don bai san abin da zai zube a hanya ba.

Daga nan kowa ya kama nasa. Ƙoƙi ta raba mako ukun nan bisa nauyin layuka, dare huɗu ga wannan, uku ga wancan, har takan je wajen Kunkuru su yi bitar lissafin hatsin da gara ke ci da wanda ke raguwa in ya bushe. Gizo kuwa wajen Ɓera ya tafi, wanda ke kwana a akwatin Modibbo Dila, ya ba shi ƙuli-ƙuli ya ji yadda takardar za ta kasance. Ɓera ya ce tambayoyin kam bai gani ba, amma tsarin ya ji: bakwai za a kawo, a amsa biyar, kowace maki 14. Gizo ya buga tsalle. Uku sau 14, 42 ke nan, har da rarar 6 a kan 36. Me zai kai shi karanta babi bakwai? Ya zaɓi uku da Modibbo ya fi nanatawa a aji, kamar yadda Ƙoƙi ta ba shi labari, ya haddace su kamar karatun allo. Sauran dararen ya koma gindin tsamiya yana gwada jawabin Daɗin Baki, jemagu na tafa masa. Da Ƙoƙi ta tuna masa cewa Modibbo bai taɓa ba kowa 14 cikin 14 ba, ko Kunkuru, sai ya ce don bai taɓa ganin amsar Gizo ba ne.

Jarabawa ta zo tare da ruwan farko. Aka jera ɗalibai nesa da juna, Mujiya na sintiri a sama, Kura ta miƙa wuya har ya yi ƙara ba ta hango takardar Kunkuru ba. Gizo ya buɗe tasa ya ga duk babi ukun nan sun fito. Ya yi hamdala, ya zuba hadda, ya miƙa takarda tun ana saura fiye da rabin lokaci. Mujiya ta ce masa, "Malam, biyar aka ce." Ya ce shi uku sun ishe shi. Da a ce ya zauna ya taɓa sauran biyun, ko zanen rumbu ya yi ya rubuta tsawo da faɗi, da wuya ya tashi ba ko maki biyu. Amma a lissafinsa ba su da gurbi.

Ranar Ƙetaren Kogi ruwa ya sauko daga duwatsu, Yedzaram ya kawo ja wur. Gizo ya harba zarensa kan wata bishiya a tsallake ya wuce ko ƙafa bai jiƙa ba. Ƙoƙi a kan karan dawa ta haye, tana salati, ruwa ya kai ta can ƙasa kafin ta kama gaɓa. A Daɗin Baki Gizo ya yi jawabin da har Malam Kada ya share hawaye, ita kuwa ta yi in'ina ta zauna.

Bayan mako biyu aka kafe sakamako. Kunkuru ne a sama, aka ba shi mabuɗin rumbu. Kura ta kawo 14 cikin 70, da 22 da rabinta ya zama 36 da rabi, kariyoba. Har yau tana yawo da takardun nan masu jan biro tana nuna wa duk wanda ya tsaya.

Gizo ya bi layinsa da ƙafa. Daɗin Baki 95, A. Ƙetaren Kogi 75, A. Sanin Sawu 61, B. Lissafin Rumbu: 12, 12, 11, jimla 35, da 9 na Si'e, 44. E. Ɗaya ɗaya a gurbi huɗu. 27 da 4, 31. Matsakaici 3.10.

Ya duba na Ƙoƙi. Ita ma maki ɗaya ya tsere mata, don 45 ta kawo maimakon 46, ta tsaya a 69, B. Daɗin Baki ma ya zame mata zuwa D da 47. Sanin Sawu 63, Ƙetaren Kogi 51. Tsakuwa 16 da 12 da 6 da 2, 36. Matsakaici 3.60, ga sunanta cikin masu mudu.

Gizo ya yi ta kurma ihu har ofishin Modibbo Dila. "Allah ya gafarta Malam, a duba zaluncin nan! In aka haɗa makina duka 275 ne, nata 230. Na fi ta da 45, a ce ita ta ci ni na faɗi?"

Dila ya ce, "Ka fi ta, amma a ina? Ka tara dukiyarka a layi mai gurbi ɗaya."

"To ga shawara. A Daɗin Baki 70 ake nema, na kawo 95. Ina da rarar 25 da ba ta yi mini komai ba. Ɗaya tak za a ɗauko a ɗora a kan 44. Sauran 24 na bar wa makaranta sadaka."

Modibbo ya yi dariya har tabarau ya zame. Ya ce makin Malam Aku ba ya ƙetarowa zuwa rumbu, kuma in ya ɗaga 44 ya koma 45, gobe mai 43 zai zo ya ce shi ma ɗaya ne tsakaninsa da 44. Amma doka ta ba ɗalibi damar neman a sake duba takardarsa a wajen wani malami, in ya biya tiya biyu ta dawa.

Da dare Gizo ya lallaɓa ya kwashi tiya biyu daga tukunyar Ƙoƙi ya kai. Aka miƙa takardar ga Giwa, wadda ba ta san ko ta wane ne ba, don an naɗe wajen suna. Ta kwana biyu a kanta. Da ta dawo da ita sai ta ce ita dai tambayarta ɗaya ce: wane mai tausayi ne ya ba amsa ta uku 11? Mai takardar ya haddace misalin aji ne, bai lura an canja adadin damman da ke cikin tambayar ba. 9 ya kamata. Aka goge 44 aka rubuta 42.

Kaka ta yi, aka cika rumbu, rani ya zo aka fara rabo. Gizo ya shiga layi da buhunsa, ya zaɓi layin da Ƙoƙi ke awo. Da aka zo kansa ta cika mudu, ta sa tafin hannu ta shafe bakinsa tas, ta juye masa.

"Haba Ƙoƙi, uway gida, ba gyaya?"

Ta ce, "Mudu ɗaya aka rubuta, Maigida. Kuma akwai tiya biyu da nake bin wani, daga na gobe zan fara cira." Ta leƙa bayansa ta ce, "Na gaba."

Ƙurunƙus kan kusu.